Jim Brown: gwarzon da ba a kamo ba, ko mutumin da aka rufe wa ido?

Malam Habibu:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Kwana biyu ina bin musun da matasanmu masu kallon gasar NFL suke yi a kan wanda ya fi kowa iya gudu da ƙwallo a tarihin ƙwallon ƙafar Amurka, wasu suna cewa Barry Sanders, wasu suna cewa Emmitt Smith saboda yadi 18,355 da ya tara waɗanda har yau ba a kamo ba, amma ban ga wanda ya ambaci Jim Brown ba, alhali a ganina musun da babu shi a ciki ba a fara shi ba tukuna. Saboda waɗanda ba su saba kallon wasan ba, aikin ɗan wasan da muke magana a kansa shi ne ya tsaya a bayan mai jefa ƙwallo, a danƙa masa ita, ya rungume ta ya kutsa tsakanin ƙarti goma sha ɗaya da ba su da wani buri sai su kai shi ƙasa, kuma ana auna ƙwazonsa da yawan yadin da ya ci gaba da ita kafin a tsayar da shi. Aiki ne mai cin jiki, shi ya sa yawancin masu yinsa ba sa daɗewa.

Brown ya buga wa Cleveland Browns kaka tara, daga 1957 zuwa 1965, wasa 118, kuma bai taɓa fashin ko ɗaya ba. Ya tara yadi 12,312, duk ɗauka ɗaya yana cin yadi 5.2 a matsakaici, ya tsallaka layin ƙarshe da ƙwallo, wanda shi ne cin maki mafi girma a wasan, sau 126, kuma a kaka takwas cikin taran shi ne ya fi kowa gudu a gasar. An zaɓe shi gwarzon gasar a 1957 da 1958 da 1965, wato a shekararsa ta farko da kuma ta ƙarshe. Har yau shi kaɗai ne ya yi ritaya da matsakaicin da ya haura yadi 100 a kowane wasa. Wanda yake da ja, ina sauraronsa.

Aminu Ɗan Zariya:
Wa'alaikumus salam Malam. Ba na musun alƙaluman da ka kawo, sai dai an manta da zamanin da aka yi su. Lokacin da Brown ya shiga gasar ƙungiyoyi 12 ne kawai a cikinta, daga 1960 kuma sabuwar gasar AFL, kishiyar NFL, ta ja wani kaso na ƙwararru zuwa ɓangarenta, sannan ƙungiyoyi da dama suna taƙaita yawan baƙaƙen fatar da suke ɗauka, har ma ta Washington ba ta sa ko ɗaya a fili ba sai a 1962. Brown yana da tsawon mita 1.88 da nauyin kilo 105 ko kusa da haka, wanda ke nufin masu tsaron da aka ɗora wa kayar da shi da yawansu ba su fi shi girma ba, kuma ya fi su gudu nesa ba kusa ba. Barry Sanders ya yi yadi 2,053 a 1997 a gaban masu tsaro da suka fi na wancan zamani girma da horo, kuma a ƙungiyar Detroit da ba ta taɓa ba shi masu share hanya, wato 'yan wasan da ke tare masa masu tsaro, na a-zo-a-gani ba. Idan kuma juriya ake nema, Walter Payton ya yi kaka 13 a Chicago, wasa ɗaya tak ya rasa.

Injiniya Lawal:
Ƙanena Aminu, hujjar zamani tana yanka ta kowane gefe. A kaka huɗun farko na Brown wasa 12 ake bugawa, daga 1961 aka koma 14, ba a kai 16 ba sai a 1978, yanzu kuma 17 ne. Emmitt Smith ya buƙaci kaka 15 da wasa 226 da ɗauka 4,409 kafin ya kai inda ya kai, matsakaicinsa yadi 4.2, shi kuwa Brown ɗauka 2,359 ya yi. Yadi ɗaya na bambanci a kowace ɗauka ba ƙaramin abu ba ne a wasan da ake ba ka dama huɗu ka ci yadi 10. A 1958 ya yi yadi 1,527 a wasa 12, a 1963 ya yi 1,863 a wasa 14 da matsakaicin 6.4, kuma wannan tarihi ya tsaya shekara goma kafin O.J. Simpson ya wuce shi a 1973. Jimlar da ya bari ta tsaya har 7 ga Oktoba 1984, ranar da Payton ya wuce ta a kakarsa ta goma.

Na yarda da kai a kan masu share hanya, domin Gene Hickerson da ke gabansa yana cikin waɗanda suka fi kowa iya wannan aiki, kuma na yarda Sanders ne ya fi kusa da shi, tunda ya tsaya a yadi 99.8 a kowane wasa. Amma a zamanin Brown kowa a filin ya san wa za a ba ƙwallo, ƙungiyar New York Giants ma ta keɓe masa Sam Huff ya riƙa binsa duk inda ya nufa, kuma dokokin da ke kare ɗan wasa daga duka a kai da fuska ba su kai na yau ba ko kusa. Ba a kwatanta mutum sai da tsararrakinsa, kuma tazarar da ya ba nasa babu wanda ya ba tsararrakinsa irinta.

Baba Isiyaku:
'Ya'yana, kun cika mu da lissafi kun bar mutumin. An haifi Brown ranar 17 ga Fabrairu 1936 a tsibirin St. Simons na jihar Jojiya, mahaifinsa ɗan dambe ne da ya tafi ya bar su tun yana jariri, mahaifiyarsa kuma ta tafi arewa neman aikin gida, sai kakarsa ta riƙe shi. Yana da shekara takwas ya bi mahaifiyarsa zuwa Manhasset a jihar New York, unguwar fararen fata masu hali inda take yi wa mutane aikatau. A sakandare babu wasan da ya taɓa bai yi fice ba, a ƙwallon kwando kaɗai yana cin maki 38 a matsakaici a kowane wasa, duk da haka Jami'ar Syracuse ba ta ba shi gurbin karatu kyauta ba da farko. Wani lauya na garin, Kenneth Molloy, shi ya tara kuɗi a wurin mutane aka biya masa shekarar farko. Da ya isa can ya tarar shi kaɗai ne baƙin fata a ajinsa na 'yan ƙwallo, aka daɗe ana ajiye shi a benci, har ya yi niyyar barin makarantar.

A 1956, shekararsa ta ƙarshe, ya ci maki 43 shi kaɗai a wasansu da Colgate, ya tsallaka layi sau shida kuma ya buga bugun ƙari bakwai da ƙafarsa. Da aka zo zaɓen kyautar Heisman ta gwarzon jami'o'i sai ya zo na biyar, aka ba Paul Hornung na Notre Dame, wanda ƙungiyarsa ta ci wasa biyu ta sha kashi a takwas. Baƙin fata bai samu wannan kyauta ba sai a 1961, kuma wanda ya samu, Ernie Davis, ɗan Syracuse ne da ya gaji lamba 44 da Brown ya sa. A wasan lakuros ma, wanda ake yi da sanda mai raga a bakinta, akwai masu cewa ba a taɓa yin kamar Brown ba.

Na kawo wannan ne don ku gane inda taurin kansa ya samo asali. Duk wanda ya kalli tsofaffin hotunan wasanninsa zai lura cewa idan aka kayar da shi, ko da duka mai tsanani ko da ɗan taɓawa, a hankali yake miƙewa kamar tsoho yana tashi daga tabarma, ya taka sannu zuwa wurin abokansa. Da gangan yake yi, domin kada abokin gaba ya taɓa sanin ranar da ya ji ciwo da gaske. Mutum ne da ya ƙudura tun yana yaro cewa babu wanda zai ga rauninsa.

Hajiya Rabi:
Baba, Allah ya ƙara girma, na ji daɗin tarihin, amma tunda an shiga maganar hali, to a faɗe shi duka. A 1965, yana kan ganiyar wasa, an gurfanar da shi a Cleveland bisa zargin dukan wata yarinya 'yar shekara 18. A 1968 an tsinci wata mata a ƙasan barandar gidansa a Los Angeles da raunuka, aka kama shi. A 1985 an tuhume shi da fyaɗe. A 1986 an sake kama shi bisa zargin dukan matar da zai aura. A 1999 matarsa ta gudu gidan maƙwabta ta kira 'yan sanda bayan ya farfasa mata mota da shebur. Mata daban-daban ne, a garuruwa biyu, a tsawon shekara fiye da 30. Ruwa ba ya tsami banza. Abin da ke damuna da irin wannan hira shi ne maza sukan lissafa yadi har da ɗigo, amma idan aka zo kan matan sai a ce rayuwarsa tana da sarƙaƙiya, a wuce.

Malam Habibu:
Hajiya, ban ɓoye wannan ba, tambayar da na yi a kan fili ce. Amma tunda an kawo, adalci ya sa a ce masu taimaka wa alƙali sun wanke shi a shari'ar 1965, an janye tuhumar 1968 da ta 1985 da ta 1986, kuma ko a 1999 laifin ɓarnata dukiya aka same shi da shi, aka wanke shi daga zargin barazanar kisa. Kada kuma mu manta baƙin fata ne mai baki a Amurka ta shekarun 1960, wanda 'yan sanda ba su da dalilin ƙaunarsa.

Idan za a auna hali, a sa ranar 4 ga Yuni 1967 a ma'auni. Muhammad Ali ya ƙi shiga soja a watan Afrilu na shekarar saboda yaƙin Biyetnam, an ƙwace kambunsa, jaridu sun taso masa, manyan mutane suna gudunsa. Brown ne ya tara fitattun 'yan wasa baƙaƙen fata a ofishin ƙungiyarsa ta bunƙasa tattalin arzikin baƙaƙe a Cleveland, cikinsu da Bill Russell da Willie Davis da Bobby Mitchell da wani ɗalibi mai suna Lew Alcindor, wanda daga baya ya musulunta ya zama Kareem Abdul-Jabbar, suka yi wa Ali tambayoyi na sa'o'i, sannan suka fito gaban 'yan jarida suka zauna kusa da shi. Brown kansa tsohon hafsan sojan ko-ta-kwana ne, kuma a lokacin yana fara gina sunansa a harkar fim, inda kamfanoni ba sa son mai jawo rigima. Mutum nawa ne za su yi haka?

Barista Sa'idu:
Malam, akwai gyara biyu. Na farko, janye tuhuma da wankewa ba abu ɗaya ba ne. A 1968 da 1986 shari'ar ta mutu ne saboda matan sun ƙi ba masu gabatar da ƙara haɗin kai, kuma duk wanda ya yi aikin shari'ar rikicin cikin gida a kowace ƙasa ya san cewa haka yawancinsu suke ƙarewa. A 1968 ɗin an ci shi tara saboda dukan ɗan sandan da ya zo gidan, a 1978 kuma kotu ta same shi da laifin dukan abokin wasansa na golf, namiji. Shi da kansa, a tarihin rayuwarsa da aka buga a 1989, ya amsa cewa ya taɓa marin mata, ya kuma ce bai kamata ya yi ba. Saboda haka ba a bukatar mu kare shi daga abin da ya amsa da bakinsa. Bayan shari'ar 1999 alƙali ta ba shi zaɓin zuwa darussan gyaran hali da yin aikin al'umma, ya ce ba zai yi ba, aka yanke masa wata shida, ya shiga kurkuku a 2002 yana da shekara 66, ya fito kafin ya cika wata huɗu.

Na biyu, taron Cleveland ya fi yadda ake ba da labarinsa ɗaurewa. Brown yana da hannun jari a Main Bout, kamfanin da ke da haƙƙin nuna damben Ali a gidajen kallo, don haka dakatar da Ali asara ce gare shi, kuma wasu daga cikin mahalarta sun zo ne da niyyar lallashin Ali ya karɓi sulhu, ya shiga soja ya riƙa damben nishaɗi ga dakaru. Wannan bai rage darajar abin da suka yi ba, a ganina ma ya ƙara ta, domin da suka ga Ali ba zai sauya ba, sun zaɓi su tsaya masa duk da asarar. An sami Ali da laifin ƙin shiga soja ranar 20 ga Yuni, Kotun Ƙoli ba ta soke hukuncin ba sai a 1971.

Aminu Ɗan Zariya:
Ni abin da ban taɓa fahimta ba shi ne ritayarsa. Mutum yana da shekara 30, ya gama kakar 1965 da yadi 1,544, an ba shi gwarzon gasa, ƙungiyarsa ta ci kofi a 1964 bayan ta doke Baltimore Colts da 27 da nema, ta kuma kai wasan ƙarshe a shekara ta gaba, sai kawai ya ajiye saboda fim. Wannan ba watsi da abokan wasa ba ne?

Injiniya Lawal:
Ba haka kawai ya ajiye ba. A bazarar 1966 yana Ingila ana ɗaukar fim ɗin The Dirty Dozen, ruwan sama ya ja aikin ya wuce lokacin da aka tsara, ya zama ba zai samu farkon atisayen ƙungiya ba. Mai ƙungiyar, Art Modell, maimakon ya kira shi su yi magana, sai ya sanar a jarida cewa zai riƙa cin tararsa har ya dawo. Brown ya kira 'yan jarida a wurin ɗaukar fim ɗin a watan Yuli ya ce ya bar wasa. A wancan zamani ɗan wasa ba shi da ikon sauya ƙungiya yadda yake so, albashi kuma bai kai abin da fim zai ba shi ba, to mutumin da ya ga ƙofar fita da ƙafafunsa lafiya me zai sa ya tsaya a ci masa fuska?

Abin lura shi ne Modell ya san halinsa sarai, domin ya amfana da shi a baya. Koci Paul Brown, wanda sunansa ƙungiyar take ɗauke da shi kuma ba su da dangantaka da Jim, mutum ne mai tsauri da ke aiko kowane tsari daga gefen fili ba ya sauraron kowa. A 1962, kaka ɗaya tilo da Jim bai zo na ɗaya ba, ya tsaya a yadi 996, kuma yana cikin manyan 'yan wasan da suka nuna sun gaji da kocin. Modell ya kori Paul Brown a Janairu 1963 ya ɗora Blanton Collier, wanda ya ba Jim damar zaɓar giɓin da zai kutsa tsakanin masu tsaro da idonsa, nan take ya yi 1,863. Kishin sunansa kuwa bai bar shi ba ko bayan ritaya, domin a 1983, yana da shekara 47, ya yi barazanar dawowa wasa don kada Franco Harris na Pittsburgh Steelers ya wuce tarihinsa, saboda a cewarsa Harris yana fita gefen fili don gudun karo.

Baba Isiyaku:
Hajiya ta yi gaskiya, kuma ban kawo yarintarsa don in wanke shi ba. Abin da nake gani shi ne taurin kan da ya hana shi durƙusa wa Modell shi ne ya hana shi zama a gaban mai ba da shawara ya ce yana da matsalar fushi, har ya gwammace kurkuku. Abin mamakin shi ne irin wannan darasi shi ya yi shekaru yana koya wa wasu. A 1988 ya kafa shirin Amer-I-Can, yana shiga gidajen yari da unguwannin da 'yan daba suka mamaye yana koyar da kame kai da neman sana'a, ya buɗe gidansa da ke kan tsaunukan Hollywood ga 'yan ƙungiyoyin daba na Crips da Bloods masu gaba da juna suna zama suna tattaunawa, kuma yana cikin waɗanda suka taimaka aka yi sulhun 'yan daba na unguwar Watts ta Los Angeles a 1992. Bai yi imani da zanga-zanga ba tun zamanin Martin Luther King, ya fi yarda da jari da mallakar kasuwanci. Wannan ne ya sa a 2017 ya soki yadda ɗan wasan NFL Colin Kaepernick yake durƙusawa lokacin taken ƙasa don nuna adawa da zaluntar baƙaƙen fata, a Oktoba 2018 kuma ya ziyarci Donald Trump a fadar White House tare da mawaƙi Kanye West, abin da ya ɓata wa da yawa daga masu ganin girmansa rai. Ni ban ga sauyin sheƙa a nan ba, mutumin bai taɓa bin layin kowa ba.

Hajiya Rabi:
Baba, ban ƙi ko ɗaya daga cikin alherinsa ba, kuma samarin da ya raba da bindiga suna da iyaye mata da suka yi masa addu'a. Ƙorafina a kan masu karramawa ne. An kafa masa mutum-mutumi a gaban filin Cleveland a 2016, a Fabrairu 2023 hukumar NFL ta sa sunansa a kyautar wanda ya fi kowa gudu a kaka, wata uku kafin rasuwarsa ranar 18 ga Mayu yana da shekara 87. Ita wannan hukuma ce a 2014, bayan ce-ce-ku-cen da ya tashi a kan dukan da ɗan wasa Ray Rice ya yi wa matar da zai aura, ta yi shelar cewa duk ɗan wasan da ya aikata irin haka za a dakatar da shi wasa shida a karon farko. Ta yaya za a hukunta matashi a kan abu, sannan idan ya yi fice a miƙa masa kofi mai sunan wanda ya amsa ya aikata shi? Barista, a wannan doka, sai kotu ta kama mutum ake dakatar da shi?

Barista Sa'idu:
A'a Hajiya, dokar ɗa'a ta NFL ba ta jiran hukuncin kotu, hukumar tana yin nata binciken ta yanke nata hukunci, domin yarjejeniya ce tsakanin ma'aikaci da mai aiki, ma'aunin hujjarta bai kai na shari'ar laifi tsauri ba. Misali mafi kusa a wannan matsayi na wasa shi ne Ezekiel Elliott na Dallas Cowboys, wanda ya fi kowa gudu a 2016. Masu gabatar da ƙara a jihar Ohio ba su tuhume shi da komai ba, amma NFL ta dakatar da shi wasa shida a 2017, ya kai ƙara kotun tarayya ya yi ta ja har tsakiyar kaka, daga bisani ya janye ya yi zaman hukuncin. Shari'ar Brown ta 1965 kuwa an yi ta ne a watan Yuli, ana dab da fara atisaye, kuma da aka buɗe kaka a Satumba yana cikin fili.